Kafin a Kafa Bukka, a Duba Wuri

Ƴan uwa manoma, da ruwan shuka ya sauka, wasunmu sai su ɗora mata da yara a amalanke, a nufi gonar nesa. Inda dare ya yi, nan za a kafa bukka. A ganina wannan ganganci ne.

Maigida ya fara zuwa tun da bazara, ya zaɓi tudu, ya guji fadama. Gulbin Maraɗi, wanda ya ratsa ƙasar Gidan Rumji, daga Nijeriya yake tasowa. Ana iya yin ruwa can, mu nan ko ɗigo babu, cikin dare sai gulbi ya kawo. Mutanen Agye da Gazawa, kada bushewar Gulbin Kaba ta ruɗe ku. Mun ga ɓarnar ambaliya a jihar Maraɗi a 2024.

Kada a tare burtali. Hanyar dabbobi ce, daga nan rigima take farawa. A san inda rijiya take, da likita mafi kusa. A tafi da sange saboda zazzaɓin sauro.

Wani zai ce shuka ba ta jira. Gaskiya ne. Shi ya sa ake shiri tun hadari bai haɗu ba.