Amanar Yara A Darasin Hutu: Tsaro Kafin Karatu



A kowace shekara daga ƙarshen watan Yuli zuwa Satumba makarantun boko a Kano sukan tafi dogon hutu, sai islamiyyu da kwamitocin masallatai da matasan ɗalibai su buɗe darasin hutu da daurar haddar Alƙur'ani. A Zawaciki da Panshekara da unguwannin da ke kewaye da masana'antun Challawa da Sharada da Bompai buƙatar ta fi tsanani, domin iyaye maza da yawa suna wuni ko kwana a kamfani, iyaye mata kuma hidimar gida da sana'a ta sha musu kai. Wannan aiki ne na alheri. Sai dai masu shirya shi sukan tsara jadawali da kuɗin rajista da gasar rufewa, su manta da tambayar da ta fi kowace nauyi: wane ne idonsa ke kan yaran nan tun daga shigowarsu har komawarsu gida?

Haɗarin da ke yankinmu a bayyane yake. Hutun yana faɗowa a tsakiyar damina, lokacin da ramukan da aka haƙi ƙasar gini suke cika su zama kududdufai masu zurfi da santsin gefe. Yaron da ruwa ke ci ba kasafai yake iya ihu ba, kuma cikin mintuna kaɗan rai ke fita. Kwatocin da ke kwashe gurɓataccen ruwan masana'antun jima zuwa Kogin Challawa suna ɗauke da sinadarai irin su kromiyom, amma yara suna tsoma ƙafa a ciki. Ga tireloli da ke zirga-zirga tsakanin kamfanoni da Tashar Tsandauri ta Dala da aka ƙaddamar a Zawaciki a Janairun 2023, alhali direban babbar mota ba ya hango ƙaramin yaron da ke dab da tayarsa.

Jihar nan ta riga ta ɗanɗana ɗacin wannan al'amari. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwale-kwalen da aka yi wa lodi fiye da kima ya kife a madatsar ruwan Watari da ɗaliban islamiyya da suka taso daga Badau zuwa Bagwai don taron Maulidi, aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu yara. A Disambar shekarar, aka sace yarinya 'yar shekara 5 a hanyarta ta dawowa daga islamiyya, kuma mai makarantar bokon da take zuwa ne kotu ta samu da laifin kashe ta, ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022. Kafin nan, a Oktoban 2019, 'yan sanda sun gano yaran Kano 9 da aka sace aka kai Anambra. Abin lura shi ne haɗari ya fi samun yaro a kan hanya da wajen fita, kuma wani lokaci a hannun wanda ya sani.

Shari'a ta ɗauki wannan aiki da muhimmanci. Kare rai yana daga cikin manyan manufofinta biyar. Hadisin Abdullahi ɗan Umar da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ɗora wa kowane mutum alhakin abin da aka ba shi kiwo. A Suratu Yusuf, lokacin da 'yan'uwan Annabi Yusuf suka nemi fita da shi wasa, abin da Annabi Yakubu (AS) ya ji tsoro shi ne kerkeci ya cinye shi alhali sun gafala daga gare shi. Malaman fiƙihu kuma sun tabbatar da cewa wanda aka ba amana ba ya lamunin abin da ya salwanta, sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Saboda haka malamin da ya bar aji ya tafi amsa waya, ba zai fake da ƙaddara ba. Manzon Allah (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

Ɗaure raƙumi a nan yana nufin abubuwa sanannu. A ajiye rajista mai sunan yaro da lambar wayar iyayensa da lalurar da yake da ita, kamar sikila ko asma ko farfaɗiya. A kira suna da safe, da bayan tara, da lokacin tashi, kuma duk yaron da bai zo ba a kira gidansu a ranar. A raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni da babba guda da aka ambata da suna. A ganinmu kada ƙanana su wuce 15 a hannun mutum ɗaya, kuma ɗan shekara 13 ba mai kula ba ne. Kada a miƙa yaro sai ga wanda iyaye suka rubuta sunansa, ko da yaron ya ce ya san shi. Kada malami ya keɓe da yaro a rufaffen ɗaki, kuma mata su kula da 'yan mata, domin wannan kariya ce ga yaro da mutuncin malami gaba ɗaya. A tanadi ruwan sha mai tsabta da sabulu saboda amai da gudawa na damina, da akwatin agajin gaggawa. A tashi da sauran rana, domin Sunna ta yi umarnin killace yara idan duhu ya fara shiga. Idan za a fita ziyara, a nemi izinin iyaye, a ƙi lodi a mota ko Adaidaita Sahu, a ƙirga yara kafin tashi da kafin dawowa.

Ya ku iyaye, biyan kuɗi bai sauke muku nauyi ba. Ku je da ƙafarku ku ga wurin, ku san malamin ɗanku da hanyar da yake bi. Ya ku ɗalibai masu sa kai, wanda ba zai iya ajiye wayarsa ba har a tashi, gara ya bar wa wani aikin. Kwamitocin masallatai da masu unguwanni su san kowane darasin hutu da aka buɗe a yankinsu, su kuma matsa wa hukumomi da kamfanoni su killace kududdufai, su rufe kwatoci. Karatun da aka rasa yau ana ramawa gobe, amma rai ba ya da ramuwa.

Allah Ya tsare mana zuriya, Ya ba mu ikon riƙon amana.