Tausar Zanzibar da ruwan wa ake yin ta?

Jama'a, tun da ƴan uwanmu masu hali suka gano hanyar Zanzibar, hotuna ba su ƙarewa a Facebook: ga mutum kwance bakin teku ana murza shi da man kwakwa da kanumfari, ga kwamin wanka cike da furanni. Musun da ake yi a ƙasan hoton ɗaya ne, wane otel ya fi iya tausa, wane ya fi araha.

To mu ba tausa muke ƙi ba. Wanda ya gaji ya huta, kuɗinsa ne. Ruwan muke tambaya.

Zanzibar tsibiri ne, ruwan daɗinsa yana ƙarƙashin ƙasa, kuma in aka zuƙe shi da yawa na teku ke kutsowa, rijiya ta yi zartsi. A 2012 ƙungiyar Tourism Concern ta Ingila ta ce manyan otel na can suna kashe har lita 3,195 kan ɗaki guda a yini, gidan talaka kuwa wajen lita 93. Gida sukutum fa, da yara da wanki!

Bature yana iya cewa bai sani ba. Amma ɗan Damagaram da ya tashi yana jiran ɗan garuwa tun asuba, ya ga layin bido a bakin pampo? Wallahi ba shi da wannan uzuri.

Kafin ku biya, ku tambayi otel ɗin: rijiyarku ɗaya da ta ƙauyen Nungwi? Kuna tara ruwan sama? In sun yi ta kame-kame, ku nemi tausar da tabarma da kwalbar mai sun ishe ta, ku bar musu kwaminsu.