Sharhi: Mota ba takarda, dukiya ce a hannun dillali

Damargu ƙasar sufuri ce tun fil azal. Ta nan ayarorin raƙuma ke bi daga Kano zuwa Agadas, kuma gerota ke ciyar da Abzin. Yau kamiyo ya gaji raƙumi a kan hanyar ƙasa mai lamba 11, daga Damagaram zuwa Agadas ta Tanut. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011, zirga-zirga ta ƙaru, har ƴan kasuwa da ma'aikata masu ritaya suna haɗa jari su sayi mota, da fatan ɗaukar hatsi daga Bakin Birji ko dabbobi daga Tenhiya da Balbeji. Amma sayen mota ba shi ne samun lodi ba. Lodi yana hannun dillalai da ƴan kamasho, kuma sabon shiga da bai cika takardu ba, ƙasa ta fi shi daraja a gabansu.

Takardun nan ba asiri ba ne. Akwai na kamfani: rajistar kasuwanci da lambar biyan lanho, wato NIF. Akwai na mota: kartigiris, asirans, shaidar binciken lafiyar mota, binyeti da izinin jigila. Akwai na direba: lasin tuƙin manyan motoci. Idan ɗaya ta ɓace, babu babban ɗan kasuwa ko ƙungiyar agaji da za ta ba mutum kaya da sunansa. Dole ya fake a inuwar wani mai takarda, a yanke la'ada sau biyu, shi kuwa ya tashi da kuɗin gazuwal kawai.

Sai dai takardar da aka fi rainawa ita ce ta fi muhimmanci: takardar rakiyar kaya. Dokar OHADA kan kwangilar jigilar kaya ta hanyar mota, wadda aka zartar a Yawunde a 2003, ta tanadi a rubuta a cikinta sunan mai aikawa, da mai ɗauka, da mai karɓa, da irin kayan, da nauyinsu, da kuɗin jigila. Ita ce hujja gaban alƙali. Dokar ta kuma taƙaita diyyar da mai mota zai biya idan kaya suka salwanta: ba za ta wuce sefa 5.000 a kan kowane kilo ba, sai in an bayyana darajar kayan tun farko ko an tabbatar da ganganci. Galibi kuma shekara ɗaya ce wa'adin shigar da ƙara. Nawa ne daga cikin masu motocinmu suka san haka? Buhu goma su ɓace tsakanin Tanut da Agadas, dillali ya ce ba ruwansa, mai kaya ya riƙe kuɗin jigila, ƙaramin mai mota ya rasa abin nunawa sai rantsuwa.

Za a ce mana kasuwancinmu a kan amana ya ginu, kuma kakanninmu sun kai kaya Tarabulus ba tare da hatimi ba. Gaskiya ne. Amma madugu ya san kowa a ayarinsa, ya san gidan uban kowa. Dillalin yau da waya yake haɗa mutanen da ba su taɓa ganin juna ba. Rubutu ba ya rage amana. Yana kare ta ranar da rai ya ɓaci.

Nauyi biyu muke ɗora wa hukuma. Na farko, ta kusantar da ofis ga jama'a. Tun 2011 Balbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta, amma mai mota daga can ko daga Tenhiya sai ya niƙi gari zuwa Damagaram don yawancin takardunsa, motarsa na tsaye, bashi na tafiya. Me zai hana ma'aikatan sufuri da na lanho su riƙa zama a Tanut a ranakun da aka sanar, da jerin takardu da farashin kowacce a manne a bango, cikin Hausa da Faransanci? Inda farashi ke ɓoye, can cin hanci ke yin ƙiba.

Na biyu, doka ta hau kan dillali kamar yadda ta hau kan mai mota. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda aka sabunta a Lome a 2010, ta san dillali a matsayin ɗan kasuwa. Ya yi rajista ke nan, a san la'adarsa, ya sa hannu a kan abin da ya ƙulla. Ba adalci ba ne a tambayi mai mota takarda bakwai a kowane shingen jandarma, alhali wanda ke raba lodi ba ya da ko ɗaya.

Ga masu shirin sayen mota kuwa, shawararmu gajeriya ce: ku ware kuɗin takardu kafin kuɗin taya, kada kuma ku bari a ɗaure tamfol sai an sa hannu. Sandikan masu motoci ya buga takardar rakiya iri ɗaya ya raba wa membobinsa. Rigakafi ya fi magani.