Bayan Windows 10: Ina mafita ga tsofaffin kwamfutoci?

A ranar 14 ga watan Oktoban 2025 ne kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa manhajar Windows 10, alhali Windows 11 da ta gaje ta ba ta hawa kan injinan da suka kwana biyu.

A yankin Gobir na jihar Sakkwato, inda hare-haren 'yan bindiga suka durƙusar da kasuwanci a Sabon Birni da Isa, sayen sabuwar kwamfuta ba ƙaramin aiki ba ne ga makaranta ko shagon buga takardu.

Manhajar Linux, wadda kyauta ce, tana iya raya irin waɗannan injina. Sai dai da yawa daga cikin manhajojin ofis an gina su ne a kan .NET, wani ginshiƙi na Microsoft da tun farko aka yi shi domin Windows.

Tun a 2001 Miguel de Icaza, ɗan ƙasar Meziko, ya ƙaddamar da shirin Mono domin .NET ta yi aiki a kan Linux. A 2009 Richard Stallman, jagoran masu fafutukar 'yancin manhaja, ya yi gargaɗin cewa Microsoft na iya amfani da haƙƙin mallaka ya murƙushe shirin.

Ita ma Najeriya ta ɗanɗani wannan takaddama. A 2007 kamfanin Mandriva na Faransa ya samu cinikin ɗora Linux a kan kwamfutocin ɗalibai 17,000, daga bisani ya zargi Microsoft da yunƙurin sa a maye gurbinta da Windows.

Al'amura sun sauya a 2014, lokacin da Microsoft ya buɗe sabon tsarin .NET ga kowa, wanda ya fito a 2016 yana aiki a kan Linux. A 2024 kuma ya miƙa Mono ga masu kula da shirin Wine.

To amma da sauran rina a kaba. Tsohon tsarin .NET Framework na Windows ne kaɗai, kuma manhajojin da aka gina a kansa ba kullum suke aiki daidai ta hanyar Mono ko Wine ba.

Mayar da komai kan intanet ma ba zai wadatar ba. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar, ciki har da Sabon Birni da Isa, saboda dalilan tsaro.

Ke nan maganar ta koma kan masu ba da kwangila. Muddin hukumomi ba su gindaya sharaɗin cewa manhajar da za su saya ta yi aiki a kan Linux, kuma ba tare da intanet ba, kwamfutoci masu sauran ƙarfi za su koma kayan gwangwan.