Noti Ba Ya Kwancewa Rana Ɗaya: Kira Ga 'Yan Acaba, Masu Babura Da Bakanikai

Zuwa ga 'yan uwa mazauna Sabo, Sasa, Ojoo da sauran unguwannin Badun.

Duk gudummawar da ake tarawa idan wani ɗan uwa ya kwanta asibiti ta hannuna take bi, domin ni ke riƙe da littafi. Ni ke rubuta sunan mutum, da abin da ya same shi, da abin da aka tara masa. Watan da ya wuce na rubuta sunan wani yaro da bai wuce shekara 23 ba, wanda ya karye a cinya yana gangarowa daga Mokola da fasinja a baya. Babu motar da ta buge shi, kuma waɗanda suka gani sun ce ba gudu yake yi ba. Da muka je ɗauko babur ɗin, bakaniken da ya raka mu ya durƙusa ya nuna mana ƙarfen nan da ke riƙe farantin birkin baya yana reto. Notinsa ya fita, ɗan fin ɗin da ya kamata ya tare notin kuma babu shi. Yaron ya taka birki, farantin ya juya tare da taya, sandar birki ta nannaɗe, taya ta ƙame nan take.

Duk wanda ya zo dubiya cewa yake tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ban musa ba. Amma abokan aikinsa sun gaya mini sun fi mako guda suna jin ƙarar ƙarfe a bayan babur ɗin, har suna yi masa tsiya cewa ya ɗaura ƙararrawa. Noti da fin ɗin da suka kwantar da shi, kuɗinsu bai kai na litar mai ɗaya ba. Yau ga shi wata uku aka ce zai yi bai taka ƙasa ba, ga iyali a gida suna jiran aike, ga mai babur yana jiran balas.

Ra'ayina a kan wannan shi ne: kwancewar noti ba abu ne da ke faɗo wa mutum daga sama ba. Yana farawa a hankali, yana ba da alama, kuma ana iya hana shi da kuɗi kaɗan da lokaci kaɗan. Laifin kuma ya rabu uku, tsakanin mai tuƙi, da mai babur, da bakanike.

Tun da gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, ta kuma ƙara wasu huɗu a watan Satumba na shekarar, yaranmu da dama suka gangaro nan. Da yawansu ba su taɓa mallakar babur ba, karɓa suke yi su kawo balas. Sun iya tuƙi, amma ba wanda ya zaunar da su ya nuna musu yadda ƙarfen da suke hawa yake haɗe. Don haka bari in fara daga nan.

Baburan da muke aiki da su, Bajaj Boxer ne ko TVS ko makamantansu, duk injin mai silinda ɗaya ne, kuma irin wannan injin yana da girgiza bisa ƙirarsa. Ka haɗa da gargadar hanyoyin cikin unguwa, da tudu da gangaren garin nan, da lodin buhuna daga Bodija, da aiki daga asuba zuwa bayan isha. Kowane noti a jikin babur ɗin yana shan jijjiga dubun dubata a yini.

Abin da ke riƙe noti shi ne wannan: idan ka ɗaure shi, ƙarfen yana ɗan miƙewa kamar roba, miƙewar da ido ba ya gani, sai ya matse abubuwan biyu da ya haɗa. Wannan matsewar ce ke hana shi juyawa. Wani injiniya Bajamushe mai suna Gerhard Junker ya nuna a shekarar 1969 cewa girgizar da ta fi kwance noti ita ce mai tura ƙarafan biyu gefe da gefe. Duk lokacin da suka ɗan goga da juna, notin yana samun damar juyawa kaɗan, kuma da ya ɗan saki, gogawar tana ƙaruwa, kwancewar tana ƙara sauri. Shi ya sa notin da ya yi wata shida lafiya zai iya fita cikin kwana biyu da zarar ya fara motsi. Akwai kuma hanya ta biyu: idan akwai fenti ko tsatsa ko ƙasa a ƙarƙashin notin, suna murƙushewa a hankali, sai matsewar ta ragu ko da notin bai juya ba. Wannan ne dalilin da ya sa sabon babur, da wanda aka sauke wa inji aka mayar, suke buƙatar a sake bin notinsu bayan 'yan kwanakin farko.

To idan haka ne, ai sai a ɗaure da ƙarfi kawai, ko? Nan ne bakanikanmu da yawa ke kuskure. Na sha ganin an zura bututu a jikin sifana, yaron gareji ya hau da ƙafa. Ƙarfe yana da iyakar miƙewa. Idan aka wuce ta, ba ya komawa yadda yake, kuma riƙonsa ya ragu ke nan har abada, wata rana sai ya gutsure a kan hanya. Jikin injin kuma alminiyom ne, ya fi notin laushi, ƙarfi kaɗan ya wuce sai tiredin ya cinye. Kowane noti yana da ma'aunin ɗaurinsa, kuma littafin gyaran babur yana rubuta shi da Nm. A ƙa'ida, ƙaramin noti mai kaurin milimita 6, wanda sifana lamba 10 ke kamawa, kusan Nm 10 yake buƙata. Mai milimita 8, na sifana lamba 12, yana buƙatar ashirin da 'yan kai. Notin ƙarfen da taya ke juyawa a kai ya ninka wannan. Akwai sifana ta musamman mai ma'auni, wadda ke yin ƙara "ƙas" idan ɗauri ya kai. Garejin babur nawa ne a unguwanninmu ke da ita?

Kuskure na biyu shi ne dogaro da washa mai tsaga, wadda ake cewa mai sifirin. Kowa ya ɗauka idan an sa ta an gama. Amma da zarar an ɗaure noti sosai, ta baje ta koma kamar washa ta kullum. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta faɗi haka a littafinta na ƙa'idojin noti na shekarar 1990, cewa ba ta hana kwancewa. Sa ta ba laifi ba ne, amma kada a jingina rai da ita.

Kuskure na uku ya fi kowanne yawa a wurinmu: maye gurbi da abin da aka samu. Fin ya ɓata, a lanƙwasa ƙusa ko guntun waya, ko a bar ramin haka nan. Notin kariya ya fita, a ɗaure da robar tif. Notin gindin inji ya karye, a tsinto kowane iri a cikin gwangwani. Ku duba kan noti, za ku ga lamba kamar 4.8 ko 8.8 ko 10.9. Wannan lambar ƙarfinsa ce. Idan ka cire mai 8.8 ka sa mai 4.8 a wurin da ke ɗaukar nauyi, girman ɗaya ne amma ƙarfin kusan rabi ne. Idan kun je Gate sayen kayan gyara, ku tafi da tsohon notin a aljihu, ku dubi lambar. Araha ba ta ado, balle a ƙarƙashin mutum biyu da buhun albasa.

Abubuwan da ke aiki kuwa ba su da wuya.

Na farko, tsafta. A goge tiredi da burushin waya, a cire tsatsa da ƙasa kafin a ɗaure. Notin da tiredinsa ya lalace ko kansa ya mulmule, a jefar da shi.

Na biyu, fin. Duk notin da aka yi wa tsaga a kai, ko ƙarfensa ke da rami a ƙarshe, kamar na taya da na ƙarfen birkin baya, an yi shi ne don a zura fin mai ƙafa biyu a buɗe ƙafafun. A sa sabo duk lokacin da aka kwance, domin wanda aka lanƙwasa aka miƙe ya riga ya raunana.

Na uku, noti mai roba a ciki. Zoben robar yana kama tiredi, ko da matsewa ta ragu ba ya zarewa ya faɗi. Yana da kyau a kariya, matakin ƙafa, lamba da murfin taya. Amma idan ya kai ga yana shiga har ƙarshe da yatsa, aikinsa ya ƙare. Kada kuma a sa shi a salansa ko kan silinda, zafi yana lalata robar. Wurin zafi yana buƙatar noti mai kulle na ƙarfe zalla.

Na huɗu, ruwan kulle tiredi, wanda aka fi sani da Loctite. Ɗigo ɗaya ko biyu a kan tiredi mai tsafta, marar mai, sai a ɗaure. Yana daskarewa a ciki ya cike gurbin da noti ke samu ya motsa, kuma yana ɗaukar kamar awa 24 kafin ya kama gaba ɗaya, don haka da dare ya fi kyau a sa. Ku kula da kala: shuɗi ana kwance shi da sifana, ja kuwa sai an gasa wurin da wuta kafin ya saki. Shuɗi ne namu. Kada a sa shi a fulogi, ko notin juye baƙin mai, ko jikin roba. Sufa gulu kuma ba madadinsa ba ne.

Na biyar, wanda ba ya cin ko sisi: alama. Bayan an ɗaure noti daidai, ka ja layi da fenti ko jan farce daga kan notin zuwa ƙarfen da yake zaune a kai. Kullum da safe kallo ɗaya ya isa. Idan layin ya rabu biyu, notin ya motsa. Wuraren da suka fi cancanta su ne notin taya gaba da baya, ƙarfen birkin baya, notin faranti mai haƙora da sarƙa ke bi, gindin inji, shokazoba sama da ƙasa, da notin da ke riƙe kan babur.

Na san abin da za a ce, domin an riga an faɗa mini a tasha. Wani ya ce, Sakatare, hanya ce ba ta da kyau, gwamnati za ka yi wa magana. Gaskiya ne hanyoyi da yawa sun lalace, kuma muna da haƙƙin kuka. Amma kafin a zo a gyara hanyar, kai ne za ka bi ta gobe da safe, da matar wani ko ɗan makaranta a bayanka. Lalacewar hanya dalili ne na ƙara dubawa.

Wani ya ce lokaci ne babu, safiya ita ce kasuwa. Minti goma a mako da sifana uku, lamba 10 da 12 da 14, shi nake roƙo. Ka kwatanta da wata uku a kwance.

Wani kuma ya ce babur ɗin ba nawa ba ne, me zai sa in kashe masa kuɗina? Wannan ita ce maganar da ta fi nauyi, kuma ga iyayenmu da yayyenmu masu ba da babura nake mayar da ita. Alhaji, idan yaro ya zo ya ce akwai gyara, ka ce ya cire a nasa kason, ka koya masa ya yi shiru ke nan. Zai ɗaure da waya ya ci gaba, ranar da abin ya faru kuma babur ɗinka ne zai kwanta tare da shi. Kuɗin noti da fin da birki a kan mai dukiya ya kamata su kasance, kuma a faɗe shi a fili tun ranar da ake miƙa makulli a gaban shaidu.

Ku kuma bakanikai, mun san kuna ƙoƙari, kuma sau da yawa mai babur ne ke tsaye a kanku yana cewa a yi sauri. Duk da haka, babur kada ya bar garejinku babu fin a notin taya da na birki, ko da mai shi ya ce a bari. Yaran da kuke koya wa aiki, abin da suka ga kuna yi shi za su yi shekara talatin masu zuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shawarar da zan kai zaman ƙungiya mai zuwa guda biyu ce. Ɗaya, kowace tasha ta haɗa kuɗi ta sayi sifana mai ma'auni guda ɗaya, da kwalbar shuɗin ruwan kulle tiredi, da ƙunshin fin, a ajiye wurin shugaban tasha. Biyu, a ware rana ɗaya a mako da kowa zai bi notinsa kafin ya ɗauki fasinjan farko, kuma duk sabon zuwa a haɗa shi da wani tsohon hannu ya nuna masa wuraren da na lissafa. Wanda ke da gyara ko ƙari, musamman bakanikanmu da suka fi ni sanin ƙarfe, ya zo zaman ya faɗa.

Kafin nan, idan ka ji sabuwar ƙara a babur ɗin abokin aikinka, kada ka tsaya ga tsokana. Tsayar da shi, ku durƙusa ku duba tare.

Yaron da ke kwance yana samun sauƙi, kuma har yanzu littafin gudummawarsa a buɗe yake. Allah Ya ba shi lafiya, Ya tsare mana sauran a kan hanya.

Sakataren Ƙungiya