Ƙafafu huɗu na ATmega32 da ba su mutu ba

A makon jiya mun tsaya kan yadda ake kunna fitilun LED takwas a jere da ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki, wato aisin da ake loda wa umarni daga kwamfuta. Masu aiki da ATmega32 ko ATmega16 a cikinku, idan kun jona fitilun a layin PORTC, mun san abin da kuka gani. Huɗu sun kama, huɗu na tsakiya sun ƙi. Kafin ku ce an sayar muku da jabu ku koma shago da faɗa, ku dakata.

Aisin lafiyarsa ƙalau. Kamfanin Atmel, wanda Microchip ya saya a 2016, yana fitar da shi ne da wata ƙofa a buɗe mai suna JTAG. Ta nan injiniya yake leƙa cikin aisi yana tsaka da aiki, ya tsayar da manhaja a layin da ya ga dama, ya duba inda ta karkace. Ƙofar kuwa tana cin ƙafafu huɗu, PC2 zuwa PC5, wato ƙafa ta 24 zuwa ta 27 a aisi mai ƙafa 40. Muddin tana buɗe, waɗannan ƙafafun ba sa jin umarninku.

Hanya biyu ake rufe ta. Ta farko a cikin manhajarku: ku sa 1 a gurbin JTD na rajistar MCUCSR, sau biyu a jere ba tare da wani umarni a tsakani ba, domin aisin ba ya yarda sai ya ji sau biyu cikin bugun agogo huɗu. Wannan muka fi so ga ɗalibi, saboda da an sake tayar da aisin komai ya koma yadda yake. Ta biyu ita ce taɓa fiyus mai suna JTAGEN, kuma a nan ne kuɗin mutane ke ƙonewa.

Fiyus a nan ba waya ba ce mai tsinkewa. Wasu 'yan gurabe ne da ke riƙe saitin aisi ko an ɗauke wuta, kuma goge manhaja ba ya goge su. Lissafinsu a juye yake: 0 na nufin an kunna, 1 na nufin an kashe. Mai gaggawa sai ya yi akasin abin da ya nufa. Kuma gurbin JTAG ba shi kaɗai ake rubutawa ba, tare yake tafiya da maƙwabtansa bakwai. Saboda haka kafin ku canza komai, ku karanta fiyus ɗin ku rubuta a littafi. Sabon ATmega32 zai nuna E1 a na ƙasa, 99 a na sama. Sabon ATmega328P, irin na allon Arduino Uno, zai nuna 62 da D9.

Saitin agogo ma yana cikin fiyus. Aisin biyu duka suna fitowa da agogon ciki mai bugun miliyan 1 a daƙiƙa, alhali allon Uno yana gudu a miliyan 16. Shi ya sa fitilar da aka tsara ta ƙifta duk daƙiƙa ɗaya take ɗaukar daƙiƙa 16 idan aka loda manhajar Uno a sabon aisi. Shi ya sa kuma na'urar lodi irin USBasp take cewa ba ta ga aisi ba: dole saurinta ya gaza kashi ɗaya cikin huɗu na saurin aisin, wato ƙasa da bugu 250,000. A rage mata gudu kawai.

Wanda ya zaɓi agogon waje bai sa kiristal ba, aisinsa zai yi shiru kamar ya mutu. Wannan yana da magani mai arha: kiristal a ƙafafun XTAL1 da XTAL2, da ƙananan kafasito biyu masu 22pF, sai ya farfaɗo. Wanda ba ya da sauƙi shi ne RSTDISBL a ATmega328P. Yana mayar da ƙafar RESET ta zama ƙafar aiki, abin sha'awa ga mai ƙarancin ƙafafu, amma ta wannan ƙafar USBasp take shiga. An kunna shi, an kulle ɗaki mabuɗi na ciki. Ba a buɗewa sai da na'urar lodi mai ba da bolt 12, wadda ba kowane ɗakin gwajin makaranta ke da ita ba. Mu dai ba mu ga aikin kulob ɗin kimiyya da ya kai a taɓa wannan fiyus ba, balle ana saura kwana biyu baje koli.

Mako mai zuwa za mu ɗauki allon STM32 mai launin shuɗi, inda PA15 da PB3 da PB4 suke yin irin wannan taurin kan. Ku zo da littafin da kuka rubuta fiyus ɗinku.