Kasuwa Ta Cika, Ba a Taya Ba: Abin da Ke Hana Shafukan Kasuwanci na Intanet Samun Masu Tuntuɓa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zaman rumfa a Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi ya san cewa mutanen da ke giftawa ta gaban haja iri uku ne. Akwai mai wucewa, akwai mai tsayawa ya yi kallo, akwai kuma wanda zai buɗe baki ya ce, "Nawa?" Daga na ukun nan kaɗai ake sa ran ciniki, shi ya sa ba a taɓa jin ɗan kasuwa ya koma gida da yamma yana alfahari da yawan waɗanda suka kalli rumfarsa ba. Abin mamaki shi ne, da kasuwanci ya hau intanet sai aka yi watsi da wannan tsohon ilmi.

A shekarar 1989 ne Tim Berners-Lee ya tsara hanyar haɗa shafukan intanet a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Janeba, aka kuma buɗe ta ga jama'a a 1991. A yau hatta ƙananan masana'antu da makarantu masu zaman kansu da shagunan ɗinki suna da nasu shafukan. Sai dai kukan da yawancin masu su ke yi ɗaya ne: na'ura tana nuna cewa ɗaruruwan mutane sun leƙo, amma babu wanda ya kira waya ko ya aiko da saƙon neman bayani. Wasu kan ɗora laifin a kan rashin kuɗi a hannun jama'a, wasu kuma su ce tallar ce ba ta isa ba. Gaskiyar magana ita ce, galibin irin waɗannan shafuka an gina su ne domin su burge mai su, aka manta da buƙatar baƙon da ya shigo.

Lissafin ƙofofi huɗu

Kafin baƙo ya zama mai tuntuɓa, dole ne ya ratsa ƙofofi huɗu. Sai shafin ya buɗe masa, sai ya fahimci abin da ake sayarwa, sai ya amince da mai sayarwar, sa'an nan sai ya sami hanya mai sauƙi ta yin magana da shi. A kowace ƙofa wasu ne ke juyawa.

Ɗalibin da ya iya sau da rabawa zai iya gane girman hasarar da kansa. A ƙaddara cewa mutum 1,000 ne suka ziyarci wani shafi, kuma rabinsu ne ke wuce kowace ƙofa. Bayan ta farko saura 500, bayan ta biyu 250, bayan ta uku 125, bayan ta huɗu kuwa kimanin 62. Idan mai shafin ya kashe kuɗin talla ya ninka baƙinsa zuwa 2,000, masu tuntuɓa 125 zai samu. Amma idan ya bar baƙin a 1,000, ya gyara ƙofofin yadda bakwai cikin goma za su riƙa wucewa, lissafin zai zama 700, 490, 343, da 240, wato kusan ninki huɗu na abin da ya samu da farko. Ashe gyaran ƙofa ya fi ƙarin taro riba.

An taɓa gwada wannan bambanci na taro da ciniki a wani kantin kayan abinci a jihar Kalifoniya ta Amurka. A binciken da Sheena Iyengar da Mark Lepper suka wallafa a 2000, an baje jam, wato 'ya'yan itacen da ake dafawa da sukari don shafa wa burodi, wani lokaci iri 24, wani lokaci iri 6. Teburin mai iri 24 ya tsayar da kashi 60 cikin 100 na masu wucewa, mai iri 6 kuwa kashi 40. To amma cikin waɗanda suka tsaya, kashi 3 kacal ne suka saya a teburin farko, alhali kashi 30 ne suka saya a na biyu. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ba a kowane hali ne yawan zaɓi ke hana saye ba, amma darasi ɗaya ya tabbata: abin da ke tara jama'a daban, abin da ke sa su motsa daban.

Ƙofa ta farko: jira

Kamfanin Google ya bayar da rahoto a 2016 cewa kashi 53 cikin 100 na ziyarar da ake kai wa shafuka ta wayar hannu ana katse ta ne idan shafin ya wuce sakan 3 bai buɗe ba. Dalilin jinkirin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Hoton da nauyinsa ya kai megabait 5 daidai yake da megabit 40, domin bit 8 ne ke cikin kowane bait. A layin da ke ɗaukar megabit 2 a sakan guda, hoton nan shi kaɗai zai ci sakan 20. Da an matse shi zuwa kilobait 200, da bai kai sakan ɗaya ba, kuma idon mai kallo a ƙaramar fuskar waya da wuya ya ga bambanci.

Matsalar ita ce, mai tsara shafin yakan duba aikinsa ne a babbar kwamfuta mai layi mai ƙarfi, ya nuna wa maigidan, su duka su yaba. Shi kuwa mai saye yana tsaye ne a tasha da ƙaramar waya, ga layi yana rawa, ga datar da ya saya da kuɗinsa tana zurarewa. Irin wannan baƙo bai ƙi hajar ba, domin ko ganinta bai yi ba.

Ƙofa ta biyu: fahimta

A 1997 Jakob Nielsen da John Morkes suka lura da yadda mutane ke karatu a intanet, suka gano cewa kashi 79 cikin 100 bin shafi suke yi da ido sama-sama, kashi 16 ne kawai ke karantawa kalma bayan kalma. Haka kuma Gitte Lindgaard da abokan aikinta a Jami'ar Carleton ta Kanada sun nuna a 2006 cewa mutum na yanke hukunci kan kyan shafi ko muninsa cikin kashi ɗaya bisa ashirin na sakan. Ke nan lokacin da baƙo ke bayarwa ɗan ƙanƙane ne, ya kamata a san abin da za a zuba a ciki.

To me ake zubawa? Sau da yawa hoton shugaban kamfani ne da babbar riga, sai dogon bayani kan "manufarmu" da "burinmu", da kirarin cewa babu kamarsu a duk faɗin ƙasa, cikin Turanci mai tsauri, ko da kuwa masu sayen Hausawa ne. Baƙo kuwa tambayoyi uku ya zo da su: me ake sayarwa, nawa ne, kuma ta yaya zai isa hannunsa? Mai rumfar da aka tambaye shi kuɗin shadda ya kama ba da tarihin kakansa, kowa ya san inda mai sayen zai nufa.

A nan wasu 'yan kasuwa kan kawo hanzari. Sukan ce al'adar cinikinmu ta tayi ce da albarka, kuma wanda ya bayyana farashi ya ba abokin hamayya makami. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, musamman a lokacin da farashi ke sauyawa mako-mako. Amma a kasuwa amsar "nawa?" tana zuwa ne nan take, a shafi kuwa babu mai amsawa. Mutane da yawa kan ji nauyin kiran waya don tambayar abin da wataƙila ya fi ƙarfin aljihunsu, sai su bar shi kawai. Rubuta cewa kaya sun fara daga kaza zuwa kaza, tare da ranar da aka sabunta farashin, bai rufe ƙofar tayi ba. Shi kuwa abokin hamayya, in yana son sanin farashi, aiko yaro kawai zai yi.

Ƙofa ta uku: amincewa

Bahaushe ba ya son cinikin biri a sama, kuma a ƙasar da zamba cikin aminci ta yi ƙaurin suna har ake kiranta da lambar sashe na 419 na dokar manyan laifuffuka, ba a ga laifin mai taka-tsantsan ba. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

A binciken da B. J. Fogg na Jami'ar Stanford ya jagoranta a 2002, an nemi mutum 2,684 su auna sahihancin shafuka, sai aka tarar kimanin kashi 46 cikin 100 na bayanan da suka yi sun taɓo tsarin shafin da kamanninsa. Kada a ɗauki wannan a matsayin izinin cika shafi da ado. Abin da ido ke nema shi ne alamar cewa akwai mai kula da wurin. Rubutu mai kurakurai, da sanarwar da ta shekara uku ba a taɓa ta ba, da hotunan Turawa masu murmushi da aka kwaso daga wani wuri, duk shaida ce ta kango. Shawarwarin da masu binciken na Stanford suka fitar sun haɗa da nuna cewa akwai mutane na haƙiƙa a bayan shafin, da bayyana adireshi, da sauƙaƙa hanyar tuntuɓa. A Nijeriya ana iya ƙarawa da lambar rajistar Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, da hoton shagon kansa, da kwatancen da mai babur zai gane.

Ƙofa ta huɗu: tuntuɓa da amsa

Baƙon da ya iso nan ya riga ya yi niyya, saboda haka hasararsa ta fi ciwo. Duk da haka sai a ɓoye lambar waya a can ƙasan shafi na biyar, ko a tare shi da fom mai gurabe goma sha biyu, har da ranar haihuwa da sunan unguwa. Wanda ke son sanin kuɗin buhun taki ba takardar neman aiki ya zo cikewa ba. Suna da lamba da tambaya sun wadatar. Tun da kuma jama'a sun saba da kira da WhatsApp fiye da wasiƙar imel, hikima ita ce a sa musu maɓalli ɗaya bayyananne da zai kai su can.

Bayan an aiko da saƙon ma akwai sauran rina a kaba. Mujallar Harvard Business Review ta wallafa a 2011 sakamakon gwajin da aka yi wa kamfanoni 2,241 na Amurka ta hanyar aika musu saƙon neman bayani. Kashi 37 cikin 100 ne suka amsa cikin awa guda, kashi 23 kuwa ba su amsa ba sam. Wani ɓangare na binciken ya nuna cewa masu tuntuɓar mai tambaya cikin awa guda sun fi waɗanda suka ƙara ko da awa ɗaya damar samun tattaunawa mai ma'ana da shi kusan sau bakwai. Shafin da babu mai duba saƙonninsa tamkar rumfa ce da aka baje kaya, mai ita ya tafi ƙauye.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Galibin alƙaluman da aka ambata an tattara su ne a Amurka da Kanada da makamantansu, don haka jagora ne kawai, ba su maye gurbin awon da kowane mai shafi zai yi a kan nasa baƙin ba. Hanyar awon kuwa ita ce wadda ake koyarwa a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na kowace sakandare: a sauya abu ɗaya, a bar sauran yadda suke, a ƙirga sakamako. Idan ana zargin tsawon fom ne, sai a nuna wa rabin baƙi dogon, rabi kuma gajeren, a kwatanta adadin saƙonnin da kowanne ya kawo. Wanda ya sauya launi da farashi da hoto a rana ɗaya, ko ciniki ya ƙaru ba zai san dalili ba.

Akwai ma gwajin da ba ya cin ko kwabo. Nielsen ya bayyana a 2000 cewa mutum biyar sun isa su tono kimanin kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da shafi. Malami zai iya yin wannan a aji: ya zaɓi ɗalibai biyar, ya miƙa wa kowannensu waya, ya ce ya nemo kuɗin wani kaya da lambar mai sayarwa a wani shafi, wani ɗalibin kuma yana riƙe da agogo yana rubuta inda aka tuntuɓe. Sharaɗin shi ne kada kowa ya taimaka wa mai nema, domin baƙon gaskiya ba shi da mataimaki.

Kammalawa

Da yawa daga cikin ɗaliban da ke karanta wannan mujalla su ne za a ba aikin gina shafuka nan gaba kaɗan, wasu ma tuni 'yan uwa suka fara ba su. Jarin mutane ne za a damƙa a hannunsu, wani ma bashi ya ciwo. Sauƙin aiki shi ne a yi abin da zai sa maigida ya yi murmushi ranar da aka nuna masa, a karɓi kuɗi a wuce. Aikin ƙwarai kuwa shi ne a gaya masa cewa hotonsa zai koma shafi na biyu, farashi da lambar waya su dawo gaba, kuma dole ya ware wanda zai riƙa amsa saƙo. In wata ya ƙare aka zauna lissafi, adadin waɗanda suka ce "nawa?" shi za a fara dubawa. Magabata sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma hawa intanet bai sauya wannan hukunci ba.